Yadda za ka sauya wa mota mai ƙofa biyu kama a gida, jiki da ciki, a zafin Katsina

Celica ce, ƙirar ƙarshe da Toyota ta yi tsakanin 1999 da 2006. Ranar da na shigo da ita gida, Hajiya ta leƙo ta taga, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ai ko buhun gero ba za ta ɗauka ba. Allah ya shirye ka." A kan buhun dai tana da gaskiya. Rana ta cinye fentin rufin, silin ya saki yana shafar hula, dashbod ya tsage gida biyu. Injin ne ya sa na saya: 1ZZ-FE mai lita 1.8, irin na cikin Corolla, wanda kowane bakanike a Katsina ya san shi kamar yunwar cikinsa. Wata huɗu na yi ina fama da ita a garejin gidanmu. Abin da zan faɗa a nan ya shafi duk wata mai ƙofa biyu da ke yawo a garin nan, Accord ce, ko BMW E46, ko Nissan 350Z, ko CLK.

Tun yanzu ka sani, hoton nan da ka ajiye a waya, na motar da gabanta ke kusan lasar kwalta, ba a hanyar Jibiya aka ɗauke shi ba. Rana da ƙura da hanya su ne alƙalan aikinka, da su za ka yi shawara a kowane mataki.

Mataki na 1: doka, lokaci da wuri

Launin motarka yana rubuce a takardunta. In za ka sauya shi, ka shirya komawa ofishin lasisi a gyara, don kada ka tsaya dogon bayani a kowane shinge. Koren sojoji kuwa ka manta da shi, doka ta hana farar hula shafa shi a mota. Baƙin gilashi yana da dokarsa tun 1991, kuma 'yan sanda ne ke ba da izininsa. Lambar mota ta zauna a fili, fitilun baya su ci gaba da zama ja, sigina ta fito sosai. Masu rufe fitilar baya da baƙar leda, mai tirelar da ke bin su da dare ne kawai ya san abin da suka yi wa kansu.

Sai lokaci. Fenti da gam da sitika duk sun fi son yanayi mai zafin maki 20 zuwa 25. Mu kuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, muna wuce 40. Da hunturu hazo ne, ƙurar da ba ka gani sai ta zauna a kan ɗanyen fenti. Da damina laima ce. Mafi dacewa shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, kuma daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Da rana ta take, ka ajiye kayan aiki.

Wurin ya zama mai rufi, iska na wucewa, nesa da kicin da tukunyar gas da janareta, domin tina, wato ruwan tsinka fenti, da gam wuta suke jira. Ka zagaye shi da leda, ka yayyafa wa daɓen ruwa kafin aiki don ƙura ta kwanta. Yara da kaji su yi nisa.

Mataki na 2: ka san abin da ke ƙarƙashin fentin

Wanke motar tas, ka fito da ita da sassafe lokacin da hasken rana ke zuwa a kaikaice, ka tsuguna ka bi gefenta da ido. Duk inda ka ga lotsawa ko kumburi, zagaye shi da alli. Sannan ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle, ka bi da shi ƙofofi da fikafikan taya. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Inda ya yi sanyi ko ya faɗi, an taɓa cika wurin da fila, kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi. A ƙofar direban tawa, wani wuri mai faɗin faranti ko alamar kamawa bai yi ba.

Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, don haka ka leƙa ƙarƙashin dokin ƙofa, da bakin fikafikan taya, da ramin safaya a but. Bushewar ƙasarmu tana rage wa tsatsa gudu, amma ba ta warkar da ita. In tsatsar ta huda, aikin mai walda ne: a yanke, a sa sabon ƙarfe. Kada ka yarda a toshe maka huda da fila.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto. Notina da kusoshin kowane ɓangare su shiga gwangwanin madara daban, ka rubuta sunan ɓangaren a jiki. Bayan wata uku ba za ka tuna ba, ko da kana ganin za ka tuna.

Mataki na 3: leɓen bamba, siket na gefe da fiffiken baya

Tun kafin ka je Kofar Ruwa a Kano ko ka yi oda daga kasuwar Ladipo a Legas, ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa gindin bambar gaba. Sannan ka sa wani ya fito da motar a hankali daga ƙofar gidanku, kai kana tsugune kana kallon abin da ya rage tsakanin bamba da gadar kwata. Abin da ka gani a nan shi ne iyakarka. Na sa leɓe mai zurfi da farko, sati biyu ya yi, tudun rage gudu ɗaya ya raba shi.

Kayan iri uku ne a kasuwa. Na fayiba ya fi araha kuma ana iya gyara shi a gida, sai dai yana tsagewa kuma da wuya ya zauna daidai ba tare da sassaƙa ba. Na robar ABS ya fi shi zama daidai. Na foliyuretan yana lanƙwasa ya dawo, shi ya fi dacewa da hanyoyinmu in aljihu zai ɗauka.

Ko wanne ka saya, ɗaura shi a motar tun bai sha fenti ba. Riƙe shi da tef, duba tazarar hagu da dama, buɗe ƙofa da bonet ka ga ko suna gogawa, karya sitiyari har ƙarshe ka ga taya. Inda ya yi yawa, rage shi da sanfefa. Kuma kada wani kayan ado ya rage bakin da iska ke shiga lagireto. A Afrilu injin zai ba ka amsa.

Fiffiken baya, a gudun cikin gari, ado ne kawai. In za ka huda but saboda shi, manna tef a wurin, auna daga tsakiya zuwa kowane gefe sau biyu, fara da ƙaramin bakin diril mai milimita 3 kafin babba. Shafa wa bakin hudar faraima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, sa washar roba. In ka tsallake wannan, ruwan Agusta zai taru a ramin safaya.

In fayiba ya tsage, kankare bayansa, jera tabarmar fayiba hawa biyu ko uku, kana jiƙa kowanne da rezin, ruwan da ke haɗe fayiba ya yi tauri. Maganin daskarar da shi kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100. A zafinmu tsaya a kashi 1, kuma ka dama kaɗan-kaɗan.

Mataki na 4: fila da sanfefa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gajiya. Wani dattijon fanel bita da na kai wa ƙofar nan ya buga mani, ya ga ina ta tambayar kalar fenti, sai ya ajiye gudumarsa ya ce, "Yaro, fenti ba ya rufa asiri, tonawa yake yi." Na ce, "Baba, to me ke rufawa?" Ya miƙo mani katako da sanfefa.

Lotsawa mai zurfi a fara bugo ta waje tukuna. Fila ta ƙarasa gyara ce kawai, kaurinta kada ya wuce milimita 3, in ta yi tsanani 6. Mai kauri tana tsagewa, domin ƙarfe yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, ita kuwa ba ta bin sa daidai.

Kankare wurin da sanfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fari, ka zarce da yatsa uku a kewaye. Goge da maganin cire maiƙo. A kan faranti mai tsafta, ba kwali ba, ɗebo fila kamar girman ƙwan zabo, hadna, wato maganin daskarar da ita, kamar ƙwayar wake. Murje su a shimfiɗe har launi ya zama ɗaya, ban da kaɗawa kamar koko, iska za ta shiga ta bar ƙananan ramuka. Minti 3 zuwa 5 gare ka, da zafi ma bai kai ba. Shafin farko ka danna shi sosai ya shiga ƙarfen, sannan ka ƙara a kai. Kada ka ƙara hadna wai don ta yi saurin bushewa. Daga baya takan fito ta ɓata fentin, musamman fari.

Da ta yi tauri, naɗe sanfefa a katako mai miƙaƙƙen ciki. Da tafin hannu kawai ba za ka taɓa samun miƙaƙƙen jiki ba, yatsu ramuka suke bi. Goga a gicciye, daga dama sannan daga hagu: 80 don fitar da siffa, 180 don share sawun 80, sai 320. A bushe ake goge fila, domin tana shan ruwa, ruwan kuma ya kwana a kan ƙarfe.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani. Fesa ɗan baƙin fentin gwangwani sama-sama, kamar ƙura, ka sake bi da katakon. Inda baƙin ya tafi, ya yi daidai. Inda ya maƙale, rami ne, a ƙara fila. Inda ƙarfe ya leƙo, tudu ne, a ɗan buga shi ciki. Ƙofa ɗaya sau huɗu na maimaita mata wannan. Bayan haka rufe ido ka shafa da tafin hannu a cikin siririn ƙyalle. Abin da ido ya rasa hannu zai ji.

Ƙarfen da ya fito fili kada ya kwana tsirara, a fesa mashi faraima a ranar. Faraimar kuma a goge ta da 400 zuwa 600. Bamba ta roba tana da nata: leƙa bayanta, in ka ga an rubuta PP, sai an fara fesa mata faraimar roba mai sa fenti ya kama, in ba haka ba zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Kuma takunkumi a hanci duk tsawon wannan mataki.

Mataki na 5: fenti ko sitika

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: shirin jiki ka yi a gida, feshin ƙarshe ka kai wa mai fenti mai rufaffen ɗaki. Fentin da ake haɗawa da hadna, wanda ake kira 2K, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lalata huhu ya jawo asma, kuma takunkumin asibiti ko rawani ba su tare shi. A gidan da mata da yara ke tsakar gida, bai dace ba. Tunda ka riga ka yi gugar, wadda ita ce ke cin kwanaki, kana da bakin neman ragi. Tsaya a kansa ka ga ya yi amfani da tina mai jinkirin bushewa saboda zafi, kuma tukunyar iskar da yake feshi da ita tana da matatar ruwa.

Ƙananan abubuwa kamar murfin madubi da ragar gaba za ka iya fesa su da gwangwani. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin gwangwani da kaya, hannu na tafiya kafin ka danna, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafi uku sirara, minti 10 zuwa 15 tsakaninsu. In ka matsa kusa zai yi hawaye, in ka yi nisa zai bushe a iska ya sauka kamar yashi.

Sitikar naɗe mota ita ce aikin gida na sosai, ba wari, ba tukunyar iska. Faɗin bandir mita 1.52 ne, mota mai ƙofa biyu takan ci mita 15 zuwa 18. Nemi ta mota ta ainihi, irin ta 3M ko Avery Dennison ko Oracal. Ta masu allon talla tana tsukewa ta bar baki cikin 'yan watanni. Sitika ba ta ɓoye komai, ko ƙwayar yashi sai ta nuna, kuma in fentin sabo ne sai ka ba shi wata guda ya gama fitar da tina.

Cire hannun ƙofa da tambari da fitilu. Wanke, busar, goge da sifirit na aisofurofil, har cikin lungunan da za ka lanƙwasa bakin sitikar. Yanko ƙyalle da rarar santimita 10 a kowane gefe. Mutum biyu ake so: ku ɓare takardar baya, ku ɗaga shi a miƙe, ku sauke a tsakiya. Da robar gogewa mai laushin baki ka riƙa korar iska daga tsakiya zuwa gefe. In ya tattare, ɗaga, ɗan hura mashi zafi da bindigar zafi, zai koma yadda yake. A kwana da lungu ka dumama ka ja kaɗan. In ka ga launin ya fara haske, ka ja fiye da kima. Reza kada ta taɓa fenti, akwai tef mai zare da ake shimfiɗawa a ƙasa, a ja zaren ya yanka daga ciki.

Abin da yawancin mutane ke tsallakewa shi ne na ƙarshe: duk baki da duk inda aka ja, a sake bin sa da zafi har ya kai maki 90 zuwa 100, ana aunawa da ma'aunin zafi na hannu. Wannan ne ke sa sitika ta manta siffarta ta farko. In ba a yi ba, ranar Katsina za ta tuna mata, ta ɗago.

Ni fari na fesa wa jikin, na naɗe rufin da baƙi. Yana da kyau a hoto. Da azahar kuwa kamar an ɗora mani kasko a ka, kuma rufi da bonet su ne rana ke fara kashewa. Da yau ne, da fari na bar shi.

Mataki na 6: ciki

Kafin komai cire kan batir na nagetif, ka jira. Toyota ta ce daƙiƙa 90, ni minti goma nake ba shi. Duk waya ko soket mai launin rawaya ta jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ce, ba a yanka ta, ba a jona komai a kanta.

Fara da silin. Ba gam ne ya saki ba, siririn soson da ke bayan yadin ne zafi ya mayar gari, shi ya sa masu cusa gam ta gefe ko soka allurai ba sa cin nasara. Cire makaran rana, fitila, da robobin ginshiƙai, ka zaro allon gaba ɗaya. A Celica ta ƙofar but yake fita, a wasu sai an kwantar da kujeru an fitar ta ƙofar fasinja. Yaye tsohon yadin, kankare garin soson da buroshi har allon ya fito tas. Sayi yadi mai soso a baya da gam na feshi mai jure zafi, domin cikin motar da aka ajiye a rana yana wuce maki 60, gam ɗin takalmi ba zai kai bazara ba. Shimfiɗa yadin, naɗe rabi, fesa wa allo da yadi, jira ya yi danƙo, sannan ka kwantar da tafin hannu a buɗe. Ban da kan yatsa: duk inda ka danna, gam ya ratsa soso, ramin ya zauna ke nan.

Allon ƙofa da maɓallan roba yake riƙe, kuma na motar da ta shekara ashirin a rana sai sun karye, don haka sayi sababbi tun kafin ka fara. Ɓanɓare da abin roba, ko sukundireba da aka naɗe da ƙyalle. Ledar da ke bayan allon ka mayar da ita yadda take, ita ke tare ruwa da ƙura.

Robobin da za ka sauya wa launi, wanke su da sabulu sau biyu ko uku. Man ƙyallin da masu wankin mota ke shafa wa dashbod yana da silikon, fenti kuma ba ya zama a kansa. Ɗan goga da 600, faraimar roba, shafi sirara. Saman dashbod kuwa launi mai duhu marar ƙyalli. Wanda ya taɓa fuskantar yamma da la'asar sakaliya da dashbod mai sheƙi ya san dalili: gilashin gaba madubi yake komawa. Murfin jakar iskar fasinja kada a manne shi da komai.

Inda na fi jin daɗin aikin nan shi ne fata. Muna da abin da masu irin motar a Turai ba su da shi a kusa: jar fatar akuya da majema ke jemewa da bagaruwa, wadda tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Na farke rigar giya da ta birkin hannu, na shimfiɗa gutsattsarin a kwali na zana, na ƙara santimita ɗaya na ɗinki, na kai wa wani baduku. Ya juya kwalin ya ce, "Alhaji, wannan gafakar wane irin allo ce?" Da zaren foliyesta ya ɗinka, don ya fi jure rana. Irin fatar na manna a tsakiyar allon ƙofofi. Amma gwada ta tukuna: jiƙa farin ƙyalle ka murza a kai. Yawancinta tana zuba, shi ya sa ban kai ta kujera ba. Farar shadda ranar Juma'a da gumin bazara a kan jar fata, ka san ƙarshen zancen.

Kujeru ka kai wa masu kushin, amma kai za ka zaɓa. Baƙar leda tana ƙona baya. A sa yadi mai numfashi a tsakiya, leda ko fatar kanti a gefe. A sauya soson da ya mutu a gefen da direba ke shiga. In ka ga alamar SRS a gefen kujera, akwai jakar iska a ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne don ya fashe; kada a rufe shi da riga mai ƙarfin ɗinki. Notinan kujera da na bel na asali za ka mayar, a ɗaure tam. Sitiyari mai jakar iska kuma ka bar shi, riga kawai za ka ɗinka mashi. In za ka ƙara ƙananan fitilu a ƙarƙashin dashbod, su bi ta fiyus.

Mataki na 7: mayarwa

Bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Jona duk soket kafin ka mayar da batir, kunna, ka ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu. Gwada gilasai da makullai tun allon ƙofa bai gama zama ba. Sannan kashe rediyo ka hau hanya mai gargada ka saurara. Inda roba ke ƙara, ɗan ƙyalle mai gam a bayanta ya isa.

Sabon fenti kada ya ga man ƙyalli sai bayan wata ɗaya zuwa biyu, sitika kuma ta yi kwana uku ba wanki. Ka ja kunnen yaron da ke wanke maka mota: ba Omo, kuma da hunturu ba a share ƙura da busasshen tsumma, sai an fara kwarara ruwa. Inuwa ko rumfa kullum, in babu, abin tare rana a gilashin gaba. Sai ka ɗauki takardu ka je a gyara launi.

Hajiya sau ɗaya ta shiga, ranar da na kai ta biki Kofar Sauri. Ta shafa jar fatar ƙofar, ta tambayi wane baduku ne, ko zai yi mata irinta a jaka. Da muka isa kuma sai da mata biyu suka kama hannunta kafin ta iya fitowa.